Wufata ta yi tsit, ko gawa aka sayar min?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan an wuni lafiya. Ina da ɗan gidan kallo a ƙauyenmu nan ɓangaren Ringim, watan jiya na shiga Kano na sayo risiba (na'urar da ke raba wa sifiku sauti) ta hannu a Sabon Gari da sifiku biyar da wufa ɗaya (sifikar da ke fitar da bes, wato sauti mai kauri), a shago da aka gwada min wallahi har a ƙirjina nake jin bes ɗin amma da na kawo gida na haɗa sai wufar ta yi tsit. In fim ɗin yaƙi ne takan ɗan motsa, ƙwallo ko waƙa kuwa ko uffan. Yara har sun fara cewa gawa aka sayar min. In mayar ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka ɓata kuɗin mota tukuna, wufar da ke motsi a fim ba gawa ba ce, yunwa take ji, kuma ina kyautata zaton risibarka ce ke hana ta abinci.

Ɗauki rimot ka shiga saitin sifiku, za ka ga kowace an rubuta mata Large ko Small. Mutanenmu da sun ga Large sai su danna, wai ai babba ya fi, to nan ake yin ɓarnar. Large na nufin ka ce wa risiba wannan sifikar za ta iya ɗaukar komai har da bes mai nauyi, sai ta tura mata, ita kuma wufa a bar ta da layinta kaɗai, wato ɗayan nan da ke ƙarshen 5.1 (layi biyar na sifiku, ɗaya na wufa) wanda ake kira LFE. Finafinai na da wannan layin shi ya sa take motsi, amma waƙa da yawancin abin da dikoda ke kawowa layi biyu ne kawai, hagu da dama, babu rabonta a ciki. Don haka mayar da duka biyar ɗin Small ko da akwatunan sun kai ƙugunka tsawo, ka tabbatar wajen wufa an sa Yes, sannan kurosoba, wato iyakar da ke raba sauti tsakanin wufa da sauran sifiku, ka ajiye ta a 80Hz. Duk sautin da ke ƙasa da 80 zai koma wufa, sauran sifikun su huta, har muryar mai sharhin ƙwallo za ka ji ta washe. In ƴan mitsi-mitsin sifikun nan ne masu girman kofin shayi to ɗaga zuwa 100 ko 120. Kuma kar ka bar risibar a saitin Pure Direct, da yawansu suna yanke wufa a nan.

Sai ka zagaya bayan wufar. Maɓallin kurosoba na jikinta murɗa shi zuwa lamba mafi girma tunda risiba ta karɓi wannan aikin, na ƙarfin sauti ka bar shi a rabi, na 0 da 180 kuma ka sa yaro ya riƙa juyawa kana zaune a benci, inda bes ya fi cika nan za ka bari.

Wajen ajiyewa ma magana ce, shago ɗan ƙarami ne, gidan kallo kuwa fili. Dabarar da na fi so, ɗora wufar a bencin tsakiya ka sa waƙa mai ganga, ka bi gefen bango a durƙushe kana saurare, inda ka ji ya fi daɗi nan ne mazauninta. Yara za su yi maka dariya, ƙyale su. Kusurwa tana ƙara bes sosai, sai dai in rufin kwano ne da ƙusoshi sun saki za ka ji ɗakin na kakkarwa, wannan kuma aikin kafinta ne.

Af, tunda risibar ta hannu ce duba bayanta kafin ka sake jonawa a janareta, in ka ga 120V kayan Amurka ne, wutarmu 230 ce, sai da taransifoma mai rage wuta.