Matse buntu ba ya ƙara masa wuta

Ka ce in an matse buntun shinkafa a inji ya zama curi, ko ƙarfin wutarsa ƙaruwa yake yi. Ba ya ƙaruwa, yaro. Kilo ɗaya na buntu busasshe da kilo ɗaya na curinsa zafinsu kusan ɗaya ne. Yadda wuta ke cinsa ne ya sauya. Buntu sako-sako toshe iska yake yi, sama na ci, ƙasa na turnuƙe hayaƙi, hayaƙin nan kuwa makamashi ne ke tafiya ba a ƙone ba. Curi yana barin kafofi tsakaninsa, iska ta ratsa, ya ci a hankali daga waje zuwa ciki. Ga kuma nauyi: wurin da ke ɗaukar kilo 100 da 'yan kai na buntu zai ɗauki kilo 600 na curi, shi ya sa mai gidan burodi da ke sayen curinmu ba ya tsayawa bakin murhu yana ɗura.

Niƙa da tankaɗe ba sai na faɗa maka ba. Danshi shi ne maganar. Ya shiga inji da kashi 12 zuwa 15 cikin 100, ya fito ƙasa da 10. Ba gam ake sa masa ba. Gugar rola da farantin ƙarfen nan na cikin inji mai huji milimita 6 ko 8 ke kawo zafi, ƙaron da ke jikin buntun ya yi taushi ya riƙe shi. In ya bushe ƙayau, kamar lokacin hunturu, gari zai fito maka. In ruwa ya yi yawa, ya fito a kumbure da tsaga.

Nan ne masu kawo kaya ke cin amanarmu, kuma har yau abin na ci mini rai. Wani zai loda buntu daga injinan casa na wajen Wurno ko Goronyo, ya san a sikeli ake saye, ya yayyafa wa tsakiyar buhu ruwa, ya haɗa da sharar ƙasa, ya rufe baki da busasshe. Ka biya kuɗin ruwa da yashi. Buntu da ma tokarsa kusan kashi 20 ce, mafi yawanta sinadarin yashi, mai cin ƙarfe. Ka ƙara masa yashin gaske, hujin faranti ya buɗe, matsi ya ragu, curi ya daina sheƙi. Faranti kuwa in hujinsa ya buɗe, sabo ake saye. A murhu kuma, kowane kilo na ruwa sai ya sha zafi sama da megajul 2 (ma'aunin makamashi ne) kafin ya tashi tururi, ga shi duk kilon buntun bai wuce 13 zuwa 15 ba. Burodi ya ƙi gasuwa, mai burodi bai san mai mota ba, sunan shagonmu ya sani.

Ku yaran yanzu waya na hannu, ku taɓa bakin buhu ku ce ya yi. Zura hannu har gwiwa cikin tsakiya. Ɗebo, zuba a bokitin ruwa, motsa: buntu ya taso, yashi ya kwanta.

Kada ka matse buntu zalla. Gauraya shi da garin katako ko ɓawon gyaɗa, toka ta ragu, riƙo ya ƙaru. Karan gero da na dawa kuwa ka yi hattara, gishirin da ke cikinsu yana sa toka ta narke ta dunƙule kamar dutse ta toshe ragar murhu. In curi ya fito, baza shi ya huce kafin buhu, in ba haka ba zufa zai yi ya ruguje. Jefa ɗaya a kofin ruwa. Mai kyau nutsewa yake yi. Da damina kuma buhu bisa katako, nesa da bango.