Tambaya da Amsa: Koyon Rawa a Lokacin Korona

Tambaya: 'Yata mai shekara 9 tana koyon rawar koroso a makarantarsu. Ga annobar korona, ga kakarta mai hawan jini muna gida ɗaya. In bar ta ta ci gaba? Daga wata uwa a Kano, a lokacin da ake tsaka da annobar.

Amsa: Hajiya, kafin ki yanke shawara, je ki ga wurin da idonki. Ƙwayar cutar tana bin numfashi ne, mai rawa kuwa haki yake yi, ga waƙa da ɗaga murya. A rufaffen aji, iskar da yaran suka fitar tana taruwa, kowa ya shaƙa. Fanka ba ta fitar da ita muddin tagogi na rufe, juya ta kawai take yi. Don haka fili ko ƙarƙashin bishiya ya fi. In dole sai ɗaki, a buɗe ƙofa da tagogi duka.

A bar tazarar aƙalla mita 1 tsakanin yara, a jingine salon da ake riƙe hannu. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta son a sa takunkumi ana tsaka da motsa jiki mai ƙarfi, domin gumi na jiƙa shi, numfashi ya yi wuya. Kowa ya zo da gorar ruwansa, a wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20.

Yawanci cutar ba ta tsananta ga yara. Kakar ce abin damuwarmu. Idan malamin ba ya mayar da mai tari ko zazzaɓi gida, ki dakatar da 'yar taki tukuna.