Dole Ne Babban Tauraro Ya Zama Mutumin Kirki?

Tambaya: Malam, ina rubuta littafina na farko, a kan wani mutum da ya cinye gadon 'ya'yan wansa. Ƙawata ta karanta ta ce azzalumi ba ya zama babban tauraro, sai dai in gyara halinsa ko in sa wani a madadinsa. Tana da gaskiya?
Daga wata mai karatu

Amsa: Ƙanwata, ki bar masa halinsa. Ƙawarki ta cakuɗa babban tauraro da gwarzo ne.

Babban tauraro matsayi ne a ginin labari. Buƙatarsa ke jan labarin, abin da ya aikata yau shi ke haifar da babin gobe, in kika zare shi komai ya rushe. Gwarzo kuwa yabo ne da mai karatu ke yi wa wanda ya nuna jarunta ko ya sadaukar da kansa don wasu. Sau da yawa mutum ɗaya ke ɗaukar duka biyun, shi ya sa ake rikita su.

Dubi Macbeth, a wasan kwaikwayon Shakespeare mai wannan suna. Ya kashe Sarki Duncan yana barci, alhali baƙonsa ne, ya sa aka kashe amininsa Banquo, ya tura aka hallaka matar wani basarake, Macduff, da 'ya'yansa. Macduff ne ya sare masa kai a ƙarshe, in gwarzo ake nema ga shi nan. Amma wasan na Macbeth ne, zuciyarsa muke leƙawa tun daga farko.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Okonkwo, a Things Fall Apart na Chinua Achebe da ya fito a 1958. Ikemefuna, wani yaro da aka ba shi riƙo, ya yi shekara uku a gidansa yana kiransa baba. Da garin ya yanke a kashe yaron, Dattijo Ezeudu ya gargaɗi Okonkwo kada ya sa hannu a jininsa. Da yaron ya rugo wurinsa neman ceto, shi ya sare shi da adda, don kada a ce rago ne. Ba mu yafe masa ba, amma mun san tsoron da ya kai shi, tsoron ya zama kamar ubansa Unoka.

Abin da ke kanki ke nan. Ba sai mun so mutuminki ba, mu dai gane shi. Kuma don Allah kada ki tilasta masa tuba a babin ƙarshe don faranta wa ƙawarki rai, irin wannan tuban ya ɓata littattafai da yawa. Ki nuna mana ranar da ya fara taɓa kuɗin marayun, da yadda ya yaudari kansa cewa rance ne, zai mayar.