Tambayi Lokotoro: Ciwon ƙugu ya kai ni ga tiramol

TAMBAYA: Salamu alaikum Lokotoro. Ni ɗan kabo-kabo ne a nan Zinder. Tun damanar bara ƙuguna yake ciwo, wani lokaci ya tsarga ƙafar hagu kamar wutar lantarki. Da fari diklofenak nake saye wurin mai tallar magani a bakin Kasuwar Dole. Da ya daina yi mini, wani abokin aiki ya ba ni tiramol mai miligiram 225. Yanzu in ban sha ba, gumi da hamma da ciwon jiki ba sa barina in hau babur. Wane magani ya fi wannan ƙarfi? Daga mai karatu a Garin Malam.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara sauƙi. Ba zan gaya maka wanda ya fi ƙarfi ba, don ba shi kake bukata ba.

Sabon ciwo, irin targaɗe ko haƙori ko ɗinkin tiyata, ana kwantar da shi da ƙwaya na 'yan kwanaki har wurin ya warke. Farasitamol ya ishi da yawansu: babban mutum giram 1 duk awa 6, kada ya wuce giram 4 a awa 24 saboda hanta. Naka kuwa ya haura wata 3, ya zama ciwo mai daɗewa, kuma saukarsa ƙafa alama ce wani abu yana danne jijiya a ƙashin baya.

Diklofenak na cin ciki har ya kawo gyambo mai zubar da jini, yana kuma taɓa ƙoda. Ka duba yadda kake wuni a rana lokacin bazara, ga gumi, ga ƙarancin shan ruwa, sau da yawa cikinka babu komai. Nan ne ya fi yin ɓarna. Kada ka haɗa shi da ibufurofen, danginsu ɗaya.

Tiramol ne ya fi tayar mini da hankali. Wanda muke rubutawa a takardar magani mai miligiram 50 ne ko 100, iyakarsa 400 a awa 24, kuma na ɗan lokaci. Kai ƙwaya biyu kawai ka zarce iyaka, ga shi yana iya kawo farfaɗiya, kana tsakiyar titi da fasinja a bayanka. Gumin nan da hamma ba ƙugu ke kawo su ba, jikinka ne ya saba da ƙwayar. Ba abin kunya ba ne, muna ganin irinsa kullum, har da dattawa masu mutunci. Amma kada ka yanke shi rana ɗaya. Ka je asibitin unguwarku ka faɗa wa majo, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, gaskiyar ƙwaya nawa kake sha, a tsara maka yadda za ka rage sannu-sannu. In ka ɓoye adadin, tsarin zai fito ba daidai ba.

Shi ciwon jijiya akwai magungunansa, kamar amitiriftilin da ake sha da dare. Yana ɗaukar makonni kafin a ji aikinsa, kada ka ce bai yi ba bayan kwana uku. Yana sa barci, kuma haɗa shi da tiramol ba tare da sanin lokotoro ba haɗari ne. Ka nemi a tura ka wurin masu gashi da motsa gaɓɓai a Babban Asibitin Zinder su koya maka motsin da ke ƙarfafa baya. Kwanciya wuni guda ƙara ciwon take yi. Ka riƙa sauka daga babur kana ɗan takawa, ka rage dakon buhuna, ka kuma gyara kujerar babur ɗinka.

Idan ka ga baƙin kashi, ko ƙafar ta fara mutuwa, ko fitsari ya riƙe ko ya kufce maka, ka tafi asibiti a ranar. Haka in akwai zazzaɓi da rama da gumin dare, don tarin fuka yakan kama ƙashin baya.