Me ya sa katin Honus Wagner yake da tsada haka?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ɗan katin da bai kai tafin hannu ba, mai hoton Honus Wagner, tsohon ɗan wasan besbal na Amurka, yake cin miliyoyin daloli, da kuma ko wanda ka gani da araha a intanet na gaske ne. Kada ka saya, kwafi ne.

Kamfanin taba na American Tobacco ne ya riƙa saka katunan hotunan 'yan wasan besbal cikin kwalin sigari daga 1909 zuwa 1911, jerin da ake kira T206. Wagner bai yarda a yi amfani da hotonsa ba, sai aka dakatar da bugawa tun da wuri. Shi ya sa kaɗan ne suka rage. A 2022 an sayar da guda ɗaya kan dala miliyan 7.25.

Ni dai mutumin ne ya fi burge ni. Ya buga wa ƙungiyar Pittsburgh Pirates, ya ci kofin zakarun besbal (World Series) na 1909, kuma yana cikin mutum biyar na farko da aka karrama a zauren gwarazan besbal a 1936, tare da shahararren ɗan wasa Babe Ruth. Duba rigarsa a katin: launin toka, an rubuta PITTSBURG babu harafin H, domin haka ake rubuta sunan garin a lokacin.

In kana son fara tara irin waɗannan katunan, nemi katin ɗan wasan da bai yi suna ba, wanda kamfanonin tantance katuna na PSA ko SGC suka tantance.