Ɗakin kowace adafta a teburin aiki

Maigida, adaftocin wayar rediyo, ƙananan ƙarafan nan masu haɗa bakin waya da wani baki daban, duk suna cikin gwangwanin madara guda. In ana neman ɗaya sai na zazzage su a kan tebur, wani lokaci ma in ɗauko wadda ba ita ba. Yaya zan shirya su?

To yaro, fara da raba gwangwanin nan. In ka shiga kasuwar Dole ka nemo akwatin roba mai murfi, mai ɗakuna goma sha biyu ko fiye. Murfin ba ado ba ne. Ƙurar hunturun Damagaram tana shiga ramin tsakiyar adafta, ta haɗu da maiƙon hannu ta daskare, sai sigina ta riƙa zuwa tana ɗaukewa, kai kuwa kana can kana zargin rediyo.

Kowane dangin baki da layinsa a cikin akwatin: BNC, N, SMA, F, sai PL-259 da matarsa SO-239. Adafta baki biyu gare ta, don haka ka tsayar da doka guda: babban baki shi ke da ɗaki. Mai N a gefe ɗaya da SMA a ɗayan, wurin N za ta kwana, kullum. A takardar da za ka manna ka rubuta bakin biyu duka, misali "N namiji, SMA mace". Mai allura a tsakiya shi ne namiji, mai rami mace.

Inda ake faɗawa rami shi ne RP-SMA, irin na eriyar wifi. Zarensa ɗaya da na SMA, amma an juya cikinsa: mai noti shi ke da rami. Za ka ɗaura shi a kan SMA mace ya zauna daram, alhali rami ne ya tarar da rami, babu abin da ya taɓa wani. In aka danna maɓallin magana na rediyo a haka, wutar ba ta da mafita, tana iya ƙona tiransistan ƙarshe, mai tura sigina zuwa eriya. RP-SMA ka kai shi ɗakin can ƙurya, nesa da ƴan uwansa.

Haka nan om 50 da om 75 (om shi ne ma'aunin turjiyar da waya ke yi wa sigina) ba sa kwana tare. Rediyon sadarwa da wayar RG-58 ko RG-213 na 50 ne, eriyar tauraron ɗan adam da RG-6 da bakin F na 75. A dangin N allurar 50 ta fi kauri, in ka tura ta cikin macen 75 ta buɗe bakin ramin, shi ke nan ta tashi aiki. Ɗigon jan farce a jikin duk na 75 ya ishe ka alama.

Kafin kowace ta shiga ɗaki, sa mata mitar gwajin wuta, mai ƙara in hanya ta haɗu. Tsakiyar baki ɗaya da ta ɗayan ta yi ƙara, tsakiya da jiki ta yi shiru. Wadda ta faɗi gwajin, ko allurarta ta lanƙwashe, jefar da ita nan take, kada ka ce za ka gyara gobe. Datti kuwa, auduga da ɗan alkol, ban da mai.

In kana ɗaura SMA, notin kaɗai ake juyawa, jikin a riƙe. Wadda ka ga ana jera uku kafin a same ta, faɗa mini mu sayo guda ɗaya mai yin aikin kai tsaye, don nauyin jerin nan shi ke ɓalle soket daga jikin rediyo.