Me ya bambanta sojan igwa da sauran sojoji?

Ɗan'uwa daga Maradi ya tambaya wane ne sojan igwa, kuma yaya ake tsara su a rundunar Faransa. To malam, shi wannan soja ba ya ganin wanda yake harbi. Wani ne can gaba ke leƙen inda abokan gaba suke, ya aiko da lambobi ta rediyo, masu lissafi su fitar da nisa da kusurwa, sannan a ɗana harsashi. Rabin aikin lissafi ne.

Tun 1765 wani janar na Faransa mai suna Gribeauval ya daidaita girman igwoyin Faransa, ta yadda ƙafar keken da ke ɗauke da wannan igwa za ta shiga na waccan. A kan wannan tsari Napoleon ya tashi, shi kansa hafsan igwa ne tun 1785. Amma a ganina babban sauyi shi ne igwa mai faɗin baki milimita 75 ta 1897. Kafin ita, duk harbi sai igwa ta zabura baya a sake saita ta. Ita kuwa bututun kaɗai ke ja da baya ya dawo, har ana harba kusan 15 a minti ɗaya.

Tsarin kuwa, igwoyi kaɗan ƙarƙashin kyaftin su ne bateri, bateri da yawa su haɗu su zama rejimanti ƙarƙashin kanar. Makarantarsu tana garin Draguignan a kudancin Faransa tun 1976. Yau suna amfani da CAESAR, igwar milimita 155 a bayan babbar mota, mai kai kilomita 40, wato kusan daga Maradi zuwa Ɗan Isa, kusa da iyakar Najeriya.